Faifai Biyu na Timaima

—ƙanwata ce, na ce muku ƙanwata ce, ciki ɗaya muka fito, ni na goye ta a bayan nan! Nei Karalaini, don Allah ajiye wuƙar, kifin ba zai gudu ba. Kai Sakiusa, rage mana rediyon nan! Ku ƙyale ramin gashin, duwatsun ba su yi ja ba tukuna, akwai sauran lokaci. Ku matso, ku matso. Baƙinmu na Rakiraki, ku da kuka sauko daga mota yanzun nan kuka tarar da ni ina tsalle a tsakar gida babu takalmi, ku yi haƙuri, ba haka nake kullum ba.

Kun ji Sakiusa ko? Wai haka nake kullum. Kada ku kula shi, ɗan kawuna ne, taubashina, tun muna yawo babu riga ba shi da sana'a sai tsokanata.

Ni ce Akesa. Duk wanda ya taɓa sayen gwaza ko rogo a kasuwar Nausori, layin da ke kallon tashar bas, ya san ni, in bai san ni ba ya san muryata. Waccan kuma da ta laɓe a bayan tankin ruwa ta rufe fuska da tawul, ita ce Timaima, autarmu. Shekara tara na ba ta. Ki fito mana! To zauna can, ni zan faɗa, kuma daga tushe zan faro, don abin ba yau ya fara ba.

Ni a aji shida na tsaya. Ba wanda ya cire ni, ni da karatun ne muka kalli juna muka ga ba za mu daidaita ba, ga Nana, mahaifiyarmu, tana bukatar hannu a kasuwa. Amma wannan yarinya, tun tana rarrafe ba a ajiye abu mai murfi kusa da ita. Ta buɗe tocilan, ta buɗe agogon Tata, mahaifinmu, ta buɗe rediyo ta jera kayan cikinsa a kan tabarma kamar mai talla. Tata ya ɗauko tsintsiya zai zane ta, ta ce ya dakata ta mayar tukuna. Ta mayar. Rediyo ya yi magana, har ya fi da. Tata ya rasa yadda zai yi da tsintsiyar hannunsa, sai ya share bakin ƙofa.

Lokacin muna can ƙauye a Kadavu, kafin mu dawo nan. Tata yana da ɗan jirgin kamun kifi mai inji a baya. Wata safiya kawuna Momo Peniasi, baban wannan sarkin surutun, ya zo ya zauna a ƙasa a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai, ya tafa hannu, ya ce kerekere, wato roƙon zumunci, a ara masa tiyon mai na injin, nasa ya fashe, gobe zai dawo da shi. To kun san abin. Ɗan'uwa ya zauna a ƙasa ya roƙe ka, ina ka ga bakin cewa a'a? Tata ya zare ya ba shi. Momo ya wuce wani tsibiri jana'iza, daga jana'iza aka riƙe shi biki. Sati uku jirginmu na kwance a kan yashi, inji lafiya lau, tanki cike da mai, kifi na tsalle a gaban idonmu, mu kuwa sai rogo da ruwan shayi.

Sakiusa, ba zagin babanka nake ba, Allah ya ji ƙansa, tarihi nake bayarwa.

Timaima tana da shekara takwas a lokacin. Ta ce, "Tata, me ya sa ba ka ce masa a'a ba?" Tata ya kalle ta kamar ta yi ashar a cikin coci. Sai ta ce, "To tunda za a roƙa, kuma za ka bayar, me ya sa ba ka shirya tun kafin a zo ba?" Ni dariya na yi, na ce wannan bakin nata zai ja mata wata rana.

Da muka dawo Nausori ta gama sakandare, ta shiga makarantar koyon sana'a shekara biyu, ɓangaren kwamfuta. Kullum da la'asar sai ta zo ta kafa ɗan teburi a gefen gwazata tana gyaran waya. Matan kasuwa suka sa mata suna Likita. Tana da wani tsohon laftof da marfinsa ya karye, da robar tayar keke take ɗaure shi, a kansa ta koyi rabin abin da ta sani. Ta kai takarda ofis ya fi goma. Wasu su ce sai mai gogewa, wasu su leƙa bayanta suna neman namijin da ya aiko ta. Tana dawowa sai ta zauna ta taya ni ɗaure rogo.

Sai wata uku da suka wuce wani ɗan shago a Suva ya ɗauke ta gwaji. Shagon yana saman wani mai ɗinki, aikinsu haɗa kwamfutoci a tura makarantun tsibirai. Mai shagon Mista Jainend. Mutumin kirki ne, kada wani ya ce na ce wani abu. Kullum matarsa tana ƙunsa masa roti, irin gurasarsu, da miyar kabewa na mutum uku don ya raba da ma'aikata. Amma agogo yake bauta wa. Ya ce mata wata uku, in ta yi ta zauna, in ba ta yi ba kowa ya kama gabansa babu faɗa.

Sati na biyar da fara aikinta aka kawo kwamfuta goma sha biyu na makarantun tsibiran Lau. Kowacce faifai biyu ne a cikinta, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke adana komai nata. Ɗaya na ofis, mai Windos, a nan ne ake shigar da sunayen 'yan aji takwas don jarrabawa, shirin ba ya aiki a ko'ina sai a nan. Ɗayan na yara, mai Linuks, cike da littattafai da darussa da ake buɗewa ko babu sabis. Kun ji na iya sunayen? Haddacewa na yi a bas.

Na ce mata ta fahimtar da ni. A kasuwa muke, sai ta ɗauki gwaza biyu ta ajiye a gabana.

"Yaya, ki ɗauka kicin biyu ne a gida ɗaya. Wannan na ofis, wannan na yara, kowanne da tukwanensa da abincinsa. Amma lokacin da kika danna maɓalli, kwamfuta ba ta san komai ba, kamar wanda aka tasa daga barci take. Akwai wani ɗan ƙaramin shiri da take fara lalubowa, shi ne yake kunna mata wuta. Butloda ake ce masa."

Na ce, "Ashana ke nan."

Ta ce, "To, ashana. In kika bar faifan biyu a jone kika zuba musu tsari, na biyun sai ya leƙa ya ga ai akwai wurin ajiye ashana a kicin ɗin farko, sai ya kai tasa can ya ajiye. Komai zai yi aiki, ba wanda zai gane. Sai ranar da aka ɗauke ɗaya. A ɗauke na farko, ashana ta tafi da shi. A ɗauke na biyu, ashanar tana nan amma sai ta tsaya tana neman kicin ɗin da babu shi. Baƙin allo kawai za ki gani da ɗan rubutu yana ƙifta miki ido. Malamin ƙauye me zai ce masa?"

"Ke yaya kike yi?"

"Zare wa ɗaya igiya nake yi gaba ɗaya, in zuba wa ɗayan shi kaɗai, ya ɗauka babu kowa a gidan sai shi. Dole ya ajiye ashanarsa a jikinsa. In cire shi, in jona ɗan'uwansa, shi ma haka. Kuma kowanne da lambarsa nake kiransa, ba na farko da na biyu ba, don in aka ɗauke na farko ai na biyun ne zai koma na farko, a ruɗe. A ƙarshe sai in haɗa su, in shiga can ƙasan kwamfutar in ba ta umarni: fara leƙa na yara, shi zai fito da jeri mutum ya zaɓi wanda yake so. In ba ki same shi ba, kada ki tsaya kuka, wuce na ofis kai tsaye."

Na ce, "Shi ke nan? Wannan ai ko ni zan iya."

Ta ce, "Mayar da gwazarki, mai saye na jira."

Ranar Laraba na je Suva kai wa wata mai gidan abinci rogo, na ce bari in hau in leƙa ta, in kai mata kifi da madarar kwakwa. Na tarar da ita a tsugune, kwamfuta a buɗe a gabanta, ta ɗiga wa faifan yara jan farce ja, na ofis shuɗi. Jan farcena ne, sati guda ina nemansa. Ban kai ga yi mata magana ba Mista Jainend ya shigo.

"Timaima, me ya sa cikin wannan yake a buɗe kamar an feɗe kaza?"

"Faifan nake cirewa, Oga."

"Wa ya ce ki cire? Na nuna miki. Jona duka biyu, zuba wannan, zuba wancan, jeri ya fito, rufe, ɗauko na gaba. Ni na gama biyar, ke kina kan ta biyu. Jirgi Juma'a ne, kuma kin san in ya tafi sai bayan sati biyar."

"Oga, in aka cire ɗaya fa a can?"

"Wa zai cire? Sukuru huɗu na ɗaure da su, na manna takarda na rubuta kada a buɗe."

"Ba sata nake nufi ba. Roƙa za a yi."

"Roƙa? Faifan cikin kwamfuta?"

"In mutane suka ji hedimasta yana da biyu a ciki ɗaya, wani zai zo ya zauna a ƙofarsa."

Ya ɗaga hannu sama. "'Yata, a Labasa aka haife ni, ba daga jirgin sama na faɗo ba. Na san kerekere. Sukari ake roƙa, fetur ake roƙa, kwanon rufi ake roƙa. Shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa jin an roƙi faifai ba." Sai ya juyo kaina. "Ke ce yayarta ko? Yi mata magana."

Na ce, "Oga, ni tun tana shekara takwas na daina cin nasara a kanta."

Ya yi dariya, ya ba ni roti, amma na ga dariyar ba ta kai ido ba.

Wani abu ma ta gano a ranar, bari in faɗa muku don yana ba ni dariya. In ka fita daga na yara ka shiga na ofis, sai agogon kwamfutar ya yi tsallen awa goma sha biyu cur. Kana zaune da hantsi, ita tana ce maka lokacin kwanciya ya yi. Wai ɗaya da lokacin Ingila yake lissafi, ɗayan da namu, suna ta jan hannun agogo ɗaya. Ta sasanta su a duka goma sha biyun, har da na Oga. Ya ce, "Wannan kam kin yi." Iyakar yabon ke nan.

Huɗu aka ba ta. Ranar Alhamis da ya ga ba za ta kai ba sai ya janye ɗaya ya yi da kansa. Saura uku. Biyun farko ta gwada su yadda take so: ta zare ja ta kunna, ta tashi, ta mayar ta zare shuɗi ta kunna, ta tashi. Ta ukun, ta makarantar tsibirin Vatuloa, tana cikin ba ta umarnin ƙarshe motar kaya ta iso tana ta hon a ƙasa. Oga yana tsaye a kanta da kwali a hannu. Ta kunna sau ɗaya da faifan biyu, jeri ya fito, ya ce a rufe. Aka rufe, aka naɗe da leda saboda ruwan teku, aka sauka da ita a guje.

Ranar Litinin ya kira ta ya nuna mata takardar gwajinta. Bai ɓoye ba, shi ba ya yin abu a bayan mutum. Ya rubuta cewa tana da hannu, amma tana da jinkiri, kuma ba ta bin umarni. Ya ce, "Shagona ƙarami ne. Ba zan iya riƙe mai ɓata awa biyu a kan abin da ba zai faru ba. Ƙarshen wata na uku za mu zauna." Ta ce to. Ta dawo gida ta gaya mini tana wanke kwanuka, kamar labarin wata take bayarwa. Na ce ta je ta ba shi haƙuri ta yi yadda yake so. Ni na faɗa da bakina, ga ta nan ba zan yi ƙarya ba. Ta ce, "Yaya, in na yi yadda yake so, sunana ne a kan takardar da ke cikin kwalin."

Ƙarshen wata na ukun nan, jibi ne, Litinin. Ku riƙe wannan.

To ranar Talatar nan da ta wuce waya ta shigo shagon. Malam Ilaitia ne, hedimastan Vatuloa. A can babu sabis sai ka hau dutsen bayan ƙauye, tafiyar rabin awa, ka tsaya a kusa da wata bishiyar mangwaro ka ɗaga hannu. Oga ya sa a lasifika. Malam ya ce kwamfuta tana aiki, yara suna murna, an gode. Sai dai kwamfutar ɗakin shan magani ta mutu, faifanta ya ƙone, nas ta rasa inda za ta rubuta rahoton allurar jarirai. Jiya dattawan ƙauye suka zo gidansa da saiwar kava, wadda ake dakawa a sha in an zo babban roƙo, suka zauna a ƙasa, suka ce sun ji tasa tana da biyu.

Timaima ta ce Oga sai da ya dafa teburi.

Ya ce, "Malam, kada ka taɓa! Kada ka buɗe!"

Malam ya ce, "Ai Oga an riga an daka an sha. Na karɓa da hannu biyu a gaban jama'a. Ranar Juma'a za a zo ɗauka. Mai ɗigon ja zan ba su, don shuɗin ina bukatarsa, ban gama shigar da 'yan aji takwas ba, kuma Litinin ake rufewa."

"To ka gama shigarwa tukuna!"

"Takardun haihuwar yara tara suna ƙauyen ƙetare, sai Juma'a da yamma za a kawo."

Oga ya buɗe baki, sabis ya ɗauke. Ya kira, ya kira, ya kira, shiru. Malam ya sauka daga dutse.

Ta ce sai ya ajiye wayar ya juyo kanta. Can ya ce, "Vatuloa taki ce ko tawa?"

Ta ce, "Tawa ce, Oga."

"Kin gwada?"

Za ta iya cewa eh, wa zai sani? Ta ce, "Ban samu na gwada ba. Ita ce wadda mota ta zo."

Ya ce, "Yara talatin da ɗaya. In ba ta tashi ba, jirgi sai bayan sati uku, sun rasa jarrabawar bana. Kuma iyaye ba za su ce hedimasta ya yi kyauta ba, cewa za su yi shagon Jainend ya kawo ruɓaɓɓen kaya." Ya jawo takardar gwajin ya ajiye a kan teburi a tsakaninsu. "In ta tashi, ni da hannuna zan yaga wannan. In ba ta tashi ba, kin ci awa biyu a kan kowacce kuma ba ki tsinana komai ba, ba sai mun zauna Litinin ba."

Sakiusa yana nan ranar da ta dawo, ya zo cin abincinmu kamar kullum. Maimakon ya lallashe ta sai ya ce, "Likita, kada ki damu, in an kore ki ina neman mai riƙe mini buhu a gona." Ta jefe shi da ɓawon kwakwa. Ta same shi kuwa, ga shaidar nan a goshinsa, ku duba.

Amma da ya tafi sai ta zauna a bakin gado ta ce, "Yaya, faifan ba na shakkarsu, kowanne shi kaɗai na zuba masa. Umarnin ƙarshen ne. Na rubuta mata ta wuce na ofis in ba ta ga na yara ba, amma ban tuna ko na danna ajiyewa kafin in fita ba. Motar nan tana ta hon a kunnena. Wata kwamfutar ko ba ki gaya mata ba za ta lalubo da kanta, wata kuma sai ta tsaya ƙiƙam tana jira."

Na ce, "Wannan wace iri ce?"

Ta ce, "Tsoffi ne da aka ba da kyauta, kowacce da halinta."

Ni abin da na sani shi ne gwaza mai kyau da marar kyau. Na dafa mata shayi da ganyen lemo, ta bar shi ya huce.

Laraba aka fara ruwa a can Lau, rediyo ya faɗa. Alhamis ruwa. Juma'a ruwa. Ruwa kuwa yana nufin sola ba ta caji, waya ba ta da wuta, dutse yana santsi ba mai hawa. Tana zuwa aiki tana dawowa, Oga roti kawai yake turo mata gefen teburi. A gida sai ta ɗauko tsohon laftof ɗin nan ta yi ta shiga wurin umarnin tana fita, tana kallon yatsunta, wai ko hannun zai tuna abin da kan ya manta. Jiya a kasuwa wata mata ta kawo mata waya gyara, ta ce ba ta aiki yau. Timaima! Ta mayar da waya!

Yau da safe na ce ko me ake ciki sai ta fito, bikin cika shekarar jikan gwaggona Nei ne, ba za a ce babu mu ba. Na ba ta kwakwa ashirin ta kankare don hannunta ya samu abin yi. Wayarta tana cikin aljihun rigata, don ta ce ba za ta iya riƙe ta ba, duk minti sai ta duba.

Ina cikin naɗe ganyen gwaza sai na ji cinyata tana rawa. Na ciro, lamba ce babu suna. Na ce, "Timaima!" Ta taso hannu duk madarar kwakwa har gwiwar hannu, ta ce in ɗauka in sa a lasifika. Yatsana yana ta zamewa, sai a karo na uku ya shiga.

Iska ce ta fara shigowa, fuuu, sai numfashin mutum kamar ya yi gudu.

"Gidan su Timaima ne? Ilaitia ne daga Vatuloa."

Na ce, "Nan ne, Malam, ga ta, muna jin ka!"

"Madalla. Da wa nake magana?"

"Yayarta ce, Akesa."

"A'a, Akesa, sannu. Yaya gida? Yaya Nana, da ƙarfin jiki? 'Yan Kadavu ne ku ko? Ai kakata ta wajen uwa daga can take, wane ƙauye?"

Jama'a, na gaya masa ƙauyen. Ya san wani a can. Ya tambayi lafiyar mutumin, mutumin ya shekara shida a kabari, na gaya masa, ya yi mana ta'aziyya. Timaima tana tsaye, madara na ɗiga daga yatsunta a kan ƙafata. Ba a katse babba, amma na rantse muku na kusa.

Can ya ce, "To, 'yata Timaima, kina ji?"

Ta ce, "Ina ji, Malam."

"Jiya da yamma aka zo ɗauka. Babu sukudireba a makaranta, da bakin wuƙar kicin na kwance. Na zare, na miƙa musu, suka tafa, suka tafi. Amma babu wuta a batir, ban iya kunnawa ba. Sai yau rana ta fito. Na tara malamai biyu su zama shaida, na yi addu'a, na danna."

Iska ta sake shigowa.

"Jerin nan da yake fitowa bai fito ba. Allon ya yi baƙi, na ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai ga na ofis ya buɗe da kansa, babu wanda ya ce masa komai. Na shigar da taran da suka rage. Talatin da ɗaya cif. Na kwafo a waya na hawo, yanzun nan na tura, har an amsa mini an karɓa."

Timaima ta zauna a ƙasa. A nan, a kan ciyawar nan, ta zauna daɓas.

"Tsaya, ban gama ba, ga nas nan ta biyo ni har sama, tana so ta yi magana."

Sai muryar mace, ita ma tana haki. "Ƙanwata, ni ban san me kika yi wa abin nan ba. Na zura shi a tawa, na jona igiya biyun yadda na ga na tsohon, na danna, ta tashi. Na rubuta rahotona. Yara kuma sun ce za su riƙa zuwa karatu a ɗakin shan magani da yamma, ko ba su da ciwo."

Malam ya karɓe. "Na riga na kira ogan naku, shi na fara kira. Ya sa na maimaita masa sau biyu. Ina ji a waya wani abu ya yi kyaaat kamar takarda, na ce Oga lafiya, ya ce lafiya lau. Ya ce in kira ki in gaya miki da bakina, don in shi ya faɗa za ki ce lallashi ne. Wai Litinin ki zo ƙarfe takwas, an kawo sababbi goma sha biyar. Ke za ki tsaya a kansu, shi zai riƙa zare miki igiya."